Yadda dillalin filaye a Zariya zai riƙa bin sawun hukuncin hukuma kan ƙasa

Tambaya daga wani matashin dillali a Sabon Gari: "Assalamu alaikum Malam. Ina dillancin filaye da gidaje a Zariya. Abin da ke damuna shi ne sai farashi ya tashi ko ya faɗi a wata unguwa sannan nake jin dalili, ko an ce za a fitar da titi, ko an shafa wa gidaje jan fenti. Manyanmu a sana'ar kuwa kamar tun kafin abu ya faru sun sani. Ta yaya zan riƙa bin sawun abin da hukuma ke yankewa kan filaye, har ya zama abin dogarona a kasuwanci?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Manyan da kake gani ba wani asiri gare su ba. Sun daɗe suna sauraro, sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, kuma sun san wace magana ce ke zama aiki, wace ce ke mutuwa a bakin mai faɗinta. Sai dai yawancinsu a ka suke riƙe da komai, babu rubutu. Kai da kake da boko da waya a hannu, in ka dage da rubutawa, cikin 'yan shekaru za ka tara abin da ya ci musu rabin rayuwa. Aikina ƙiyasta darajar filaye da gine-gine ne a wannan yanki, kuma abin da zan gaya maka shi ne abin da ni ma nake yi.

A Zariya, hukuncin da aka yanke a kan ƙasa shi ke yi mata farashi. Garin kansa haka ya ginu. Birni yana cikin ganuwarsa tun kafin zuwan Turawa, amma Sabon Gari layin dogo ne ya haife shi: jirgi ya iso a 1911, aka kafa tasha, aka yanka wa ma'aikata da baƙi matsuguni kusa da ita. Dokar garuruwa ta 1917 ta zo ta tabbatar da rabon, nan unguwar Turawa, nan ta 'yan ƙasa, a tsakani a bar fili babu gini. Samaru ƙauye ne mai tashar binciken noma, sai da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ya koma garin ɗalibai, Hayin Dogo da Zangon Shanu da Bomo suka biyo baya. Na kusa-kusa shi ne Shika. Da asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma mazauninsa na dindindin a 2005, kemis-kemis da gidajen abinci da ɗakunan hayar ma'aikata da masu jinya suka bi shi, gonakin Milgoma da kewaye suka fara zama fulotai. Duk waɗannan a takarda suka fara, shekaru kafin a ga bulo ko ɗaya.

Sai ka san abin da kake sayarwa a idon doka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ke hannun mai fili haƙƙin zama ne da amfani na wani wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, kuma an rubuta abin da aka ba shi ya yi da wurin: zama, kasuwanci, noma, masana'anta, makaranta ko wurin ibada. Layin nan guda da ke cikin takardar C of O, wato takardar mallaka ta gwamna, mai faɗin manufar fili, shi nake fara karantawa kafin in duba girman wurin. Wanda ya sayi filin zama a bakin titin Sakkwato da niyyar jera shaguna, sai ya nemi canjin manufa, ya biya, kuma ana iya hana shi. Sashe na 22 ya ce ba a sayar da fili mai takardar gwamna ko a jinginar da shi sai da yardar gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Sashe na 3 kuma ya ba shi ikon ayyana wani yanki a matsayin birni, kuma da zarar an ayyana, ƙaramar hukuma ba ta da hurumin ba da fili a wurin. Waɗannan sassa uku ka karanta su da kanka, ba su da tsawo.

Abin da ya sa Zariya ta fi garuruwa da yawa wuya shi ne masu hannu a ƙasarta suna da yawa. A ɓangaren jiha akwai KADGIS, wadda aka yi dokarta a 2015, ita ke riƙe da rajistar filaye da taswira, ita ke fitar da takardar mallaka. Akwai KASUPDA mai tsara gari da ba da izinin gini, ita ce mai jan fentin da kake magana. Aikinsu daban ne: kana iya riƙe takardar mallaka mai kyau a hana ka ginin da kake so. Sannan ga gwamnatin tarayya da manyan filayenta: jami'a a Samaru da Kongo da Shika, kwalejin koyon tuƙin jiragen sama a Palladan, sojoji a Depot da Basawa, hukumar jiragen ƙasa a tsakiyar Sabon Gari, da cibiyoyin bincike da ke kan hanyar Basawa. Abin da muke kira Zariya ma ba ƙaramar hukuma ɗaya ba ce. Akwai ta Zariya, akwai ta Sabon Gari, Shika kuwa a Giwa take. Sai masu unguwanni da dagatai da hakimai. Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa mai sayarwa shi aka sani da wurin, kuma tana da daraja, amma ba ta nufin hukuma ta yarda a yi gini. Duk da haka kada ka yi nesa da su, domin in za a zo awo ko ƙidayar diyya, ta hannun hakimi da dagaci saƙo ke fara sauka. Kada ka manta da kotunan shari'a: yawancin gonakin da ke zama fulotai a bayan gari, rabon gado ne ya sako su kasuwa.

Abin da ya fi cinye kuɗin mutane shi ne ɗaukar kowane labari da nauyi ɗaya. Ɗan siyasa ya tsaya a taro ya ce za a yi titi daga kaza zuwa kaza, wannan magana ce kawai. Aikin ya fito a kundin kasafin kuɗi da adadi a gabansa, ya ɗan yi nauyi, amma aiki na iya shekara uku yana fitowa a kasafi ba a saki ko sisi ba. An yi tallan neman 'yan kwangila, an ba da kwangilar, safiyo sun fito sun kafa turaku, an zo an ƙirga gidaje da bishiyoyi, an biya diyya, gireda ta shigo: kowanne mataki ne mai zaman kansa, kuma a kowanne aiki na iya tsayawa cak. Dubi babbar hanyar Abuja zuwa Kano da ta ratsa mu. An ba da kwangilar sake gina ta a ƙarshen 2017, amma ɓangaren Kaduna zuwa Zariya da na Zariya zuwa Kano sai 2023 aka buɗe su. Sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 203, an ƙaddamar da aikinsa a Yulin 2021, aka shiga shekara da shekaru ana yi. Asibitin Shika kansa gwamnatoci da dama suka zo suka wuce kafin a tare. Wanda ya ci bashi ya sayi fili ranar da ya ji sanarwa, yana jiran riba cikin wata shida, cinikin biri a sama ya yi. Don haka duk labarin da ya zo maka, tambayar farko ita ce: wane mataki ya kai, kuma wa ya ga takardar da idonsa?

Yawancin takardun nan ba a ɓoye suke ba, karanta su ne mutane ba sa yi. Hukumar tsare-tsare da kasafi ta Jihar Kaduna tana sa kundin kasafin shekara a intanet. Ka sauke shi, ka nemi Zaria da Sabon Gari da Giwa da sunayen unguwanni, ka fitar da duk titi da magudanar ruwa da kasuwa da makaranta da aka ambata. Wanda ya fi shi amfani shi ne rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa duk wata uku, domin shi ke nuna abin da aka kashe a zahiri. Ka yi haka da kasafin tarayya, musamman ayyukan mazaɓu da kuɗin gine-ginen makarantun tarayya da ke garin. Tallan kwangila yana fitowa a jaridu irin su Daily Trust, sau da yawa da sunan titi da tsawonsa. Akwai kuma wata taga da ba kowa ya san ta ba. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta sa duk babban aiki, irin su babbar hanya ko bututun gas ko masana'anta, sai an baje rahotonsa jama'a su gani na kwanakin aiki 21, kuma akan ajiye kwafi a sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa. A ciki akwai taswirar inda aikin zai bi da sunayen ƙauyukan da zai taɓa. In ka ga sanarwar a jarida, ka tafi sakatariya ka nemi a nuna maka, haƙƙinka ne. Sanarwar karɓe fili da ta ayyana yankin birni a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, suke fitowa. Shafukan KASUPDA da KADGIS na Facebook da sanarwar rediyo su ma ka riƙa bi, ka ɗauki hoton kowace sanarwa ranar da ta fito, don wani lokaci ana gogewa. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin sabunta birane na jiha a 2019, wanda ya haɗa Kaduna da Zariya da Kafanchan, an riƙa faɗin sunayen titunan da za a taɓa tun kafin a fara. Masu sauraro sun ji.

Takarda ba ta isa ba sai ka taka da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka ware rana guda a mako ka zaga yankinka a babur, a hankali. In ka ga turaku a jere cikin gonaki an ɗaura musu jan ƙyalle ko an shafa wa kawunansu fenti, ka tsaya ka bi layinsu ka ga inda suka dosa. In ka ga an rubuta wani abu kamar 1+250 a jikin katanga ko dutse, lissafin injiniyoyin hanya ne, ma'anarsa kilomita 1 da mita 250 daga inda aikin ya fara. Ka nemi na gaba da na baya, za su zana maka hanyar tun kafin a share ta. Jan fenti ma karanta shi ake yi. In gida ɗaya aka shafa wa a tsakiyar layi, galibi maganar izinin gini ce tsakanin mai gidan da hukuma. In kuwa gidaje ne a jere, duk a gefe ɗaya, wasu da kibiya da lamba, to faɗaɗa titi ne ko maganar iyaka, kuma ta shafi kowane fili da ke kan wannan layin, har da wanda ba a gina ba. Ka ɗauki hoto, ka rubuta rana. Sannan ka zauna wurin mai shayi, ka gaisa da masu buga bulo da direbobin tifa. Mai bulo ya san inda oda ta yi yawa a watan nan, direban tifa ya san inda ake zuba yashi da dare don gudun hukuma. Maganarsu ba hujja ba ce, amma tana nuna maka inda za ka je ka bincika.

Akwai hukunce-hukuncen da an riga an yanke tun tuni, suna nan kwance ba wanda ke tuna su sai ranar rusau. Su ya kamata ka fara sa wa a littafinka, domin kare mai saye daga asara ya fi gaggawa a kan hango masa riba. Babbar hanyar tarayya tana da haƙƙin mita 45.72 daga tsakiyarta zuwa kowane gefe. Fulotin da muka saba yanka ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo, ƙafa 100 kuwa mita 30.48 ce. Ka ga ke nan fuloti na iya faɗawa cikin haƙƙin hanya kusan gaba ɗayansa, alhali dillali na tallansa da cewa bakin titi ne, har ana ƙara masa kuɗi. Wannan ya shafi hanyar Kaduna da ta Kano da ta Funtuwa da ta Jos. Manyan wayoyin lantarki ma haka: mai ƙarfin kilobolt 330 tana da faɗin mita 50, wato 25 kowane gefe, mai 132 tana da mita 30, masu 33 da 11 kuma mita 11. Layin dogo yana da nasa haƙƙin, kuma wuraren da hukumar jiragen ƙasa ke bai wa mutane haya ce, ba mallaka ba, ko da an gina shago an shekara ashirin a ciki. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a 2020, shi ma ba a gini a kansa. A Palladan da Hanwa da kewayen filin jirgi kuwa, tsawon bene da dogayen ƙarafunan sadarwa sai da izinin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama.

Iyakar makarantu da cibiyoyin gwamnati ita ce ta fi sa mutanen Zariya kuka, kuma ina so ka ɗauke ta da gaske. Yawancin waɗannan filaye an karɓe su ne tun zamanin da wurin daji ne, ba a katange su duka ba. Manoma suka ci gaba da noma a gefe, 'ya'yansu suka gada, suka yanka da igiya suka sayar, na biyu ya sayar wa na uku, kowa da takardar ciniki da shaidu. Ranar da cibiyar ta fito da tsohuwar taswirarta, duk waɗannan takardu ba sa tsayawa a gabanta. An ga haka a 2015 a gidajen da ke gefen Kwalejin Alhudahuda, an sake gani a 2021 a unguwar Graceland kan taƙaddamar fili da kwalejin jiragen sama. Mutane ne da iyalai, da yawansu da kuɗin fansho ko na shekarun tari suka gina. Katangar da kake gani ba lallai ita ce iyaka ba. Duk filin da ke maƙwabtaka da makaranta, bariki, asibiti, maƙabarta, filin idi ko ganuwar birni, wadda ke cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare, kada ka sa baki a cinikinsa sai an kai wa KADGIS lambobin da ke nuna wurin a taswira an duba an ba da amsa a rubuce.

Ruwa ma yana da nasa hukuncin, kuma hukuma kan biyo bayansa. Gaɓar Kubanni da Kamaca da Saye da Galma, da tsofaffin kududdufan da aka cike da shara aka yanka, duk da rani suna da kyan gani. Ka je a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka dubi alamar da ruwa ya bari a jikin katangu. Google Earth a kwamfuta yana nuna tsofaffin hotunan wuri na shekarun baya. Da shi za ka ga fulotin da ake tallata maka kududdufi ne a da, ko hanyar ruwa, ko burtali, kuma da shi za ka ga ta wace fuska gari ke tafiya da saurin da yake yi.

Yanzu maganar rubutun. Littafi mai ƙwarin bango ya isa a farko, daga baya ka mayar da shi Excel ko Google Sheets don sauƙin nema. Kowane labari layinsa daban. Ka sa ranar da ka ji, wurin da ya shafa da ƙaramar hukumarsa, abin da aka yanke ko ake shirin yankewa, hukumar da ke da alhaki, daga ina ka samu, matakin da ya kai, da ranar da za ka sake dubawa. Wajen majiya ka bambanta uku: na ga takarda, na gani a fili, an gaya mini. Kada na ukun ya haye matsayin na farko don kawai mutum biyar sun maimaita shi, sau da yawa bakin mutum ɗaya ne ya zaga ya dawo. Ga misalin yadda layi zai kasance: ranar kaza, titin unguwa kaza a Dogarawa, an kafa turaku daga bakin babban titi zuwa makarantar firamare, na gani da idona, akwai hoto, bai fito a kasafin bana ba, a sake dubawa bayan wata biyu. In mataki ya canza, kada ka goge tsohon layi, ka ƙara sabo a ƙasansa. Abin da bai faru ba ma ka bar shi a rubuce. Bayan shekara biyu, waɗannan layukan da suka mutu su za su koya maka irin alkawarin da ba ya cika da tsawon lokacin da kowane mataki ke ɗauka a garin nan, kuma wannan sani ba a sayar da shi a ko'ina.

Ka koyi ɗaukar lambobin wuri da wayarka, ka riƙa diga kowane layi a taswira. Sai dai ka kula: tsofaffin takardun safiyo na ƙasar nan an yi su ne da ma'aunin Minna, waya kuwa tana aiki da ma'aunin duniya na WGS84. In ka zuba lambobin wancan cikin wannan ba a juya su ba, ɗigon na iya gocewa da mitoci masu yawa, har ya jefa ka filin maƙwabci ko tsakiyar titi. Waya don tunatar da kai wuri ce. Maganar iyaka ta safiyo ce mai rajista, shi zai nemo turakun siminti ya karanta lambobinsu.

A gefen wannan littafi ka buɗe na farashi, domin hukunci ba tare da farashi ba labari ne kawai. Ka rubuta abin da aka saya a zahiri, ba abin da aka yi tayi ba, da girman fili, da irin takardarsa, da kuɗin hayar ɗaki da shago a layin. A nan za ka gano cewa titi ba kullum yake ɗaga kowa ba. In aka mayar da hanya tagwaye aka gina shinge a tsakiya, shagon da ke kusa da wurin juyawa ya samu, wanda ke nesa da shi ciniki ya ragu. Gadar sama tana ɗauke motoci daga gaban shagunan da ke ƙarƙashinta. Ka tsaya a Kwangila ko Ƙofar Doka ka lura da inda fasinja ke sauka da inda ba ya sauka. In aka ɗaga titi ya fi gidaje tudu, ruwan damina cikin gidajen yake komawa, haya ta faɗi. A Samaru kuwa, buɗe wata ƙofar jami'a ko rufe ta, ko gina sabon ɗakin kwanan ɗalibai a ciki, ya fi kwalta tasiri a kan haya, kuma masu gidajen da suka ga yajin aikin wata takwas na 2022 sun san abin da dogaro da ɗalibai kaɗai ke jawowa. Kuma ka riƙa tuna faɗuwar darajar naira: fili na iya ninka kuɗinsa a takarda alhali buhunan simintin da kuɗin zai saya sun ragu.

Za ka haɗu da masu cewa a sayi fili a kan layin da aiki zai bi don a ci diyya. Ka hana su. Sashe na 29 na dokar ƙasa yana biyan abin da aka ɗora a kan fili ne, gini da amfanin gona da bishiyoyi, ba farashin da ƙasar ke yi a kasuwa ba. Wanda ya sayi fili fayau da tsada, aka karɓe, abin da zai samu ba zai kai kusa da abin da ya biya ba. Wanda kuma ya yi saurin aza gini bayan an kafa turaku, ba tare da izini ba, yana iya rasa ginin da diyyar duka.

Akwai maganar amana da ba zan tsallake ba. Sanin da za ka tara yana da ƙarfi, kuma akwai hanyar halal da ta haram wajen amfani da shi. Karanta kasafi da gazet da zagaya gari ƙoƙarinka ne, ribarsa taka ce. Amma ba wa ma'aikaci na goro ya zaro maka taswirar da ba a fitar ba cin hanci ne, kuma ranar da abin ya tashi, kai da shi za a nema. Zuwa wurin tsoho a ƙauye ka saye gonarsa da arha, ka ɓoye masa abin da ka sani, alhali ya tambaye ka, wannan ya yi kama da tarar fatake a hanya kafin su san farashin kasuwa, abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Mafi muni shi ne ka san jan fenti na tafe ka yi sauri ka sauke wa wani filin. Zariya gari ne da kowa ya san gidan kowa, magana ba ta ɓata.

Ta fuskar samun kuɗi kuwa, kada ka tsaya a la'ada kaɗai. Duk filin da za ka nuna wa mai saye, ka haɗa masa da takarda shafi guda: lambobin wurin, irin takardar mallakarsa da manufar da aka rubuta, sakamakon binciken KADGIS, ko leyawut ɗin, wato tsarin yanka fulotan, na gwamnati ne ko awon igiya, nisansa da titi da wayar lantarki da rafi da katangar wata cibiya, ayyukan da ake shiryawa a kusa da matakin da kowanne ya kai, da farashin da aka sayar da makamantansa kwanan nan. Ka sa rana, ka sa hannu. Zazzagawan da ke aiki a Abuja da Legas da ƙasashen waje, waɗanda ke turo kuɗi a saya musu, su suka fi kowa buƙatar irin wannan takarda, kuma za su biya ta ko da cinikin bai faɗa ba. Ka tsaya iya huruminka: ƙiyasin da banki ko kotu za su karɓa na mai ƙiyasi ne mai rajista, zanen leyawut na mai tsara gari ne, takardar ciniki ta lauya ce, don haka ka nemi mutum ɗaya amintacce a kowane fanni ku riƙa aiki tare. Kuma kada ka ce za ka rungumi Zariya duka lokaci guda. Tunda a Sabon Gari kake, ka ɗauki tsakanin Kwangila da Dogarawa zuwa hanyar Basawa, ka san kowane layi da kowace katanga da kowane mai unguwa a wurin, sannan ka ƙara Hanwa da Palladan in littafin ya fara cika.